Me ya sa ba a cika raɗa wa 'ya'ya mata wasu sunayen Attaura da Linjila ba?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, an haifa mini 'ya mace. Maiɗakina tana son a sa mata Rifkatu, dangi kuwa sun ce sunan Kiristoci ne. Me ya sa ake jin Saratu da Hajara ko'ina, amma ba a jin sauran? Kuma ya halatta in sa?

Amsa: Allah ya raya ta a kan Musulunci.

Dalilai uku ne suka sa waɗannan sunaye suka yi ƙaranci.

Na farko, labarin mai sunan. Littafin Ma'abota Littafi ya ambaci Yezebel, matar sarki Ahab, da bautar gunkin Ba'al da farautar ran Annabi Ilyasu (AS). Ya ambaci Delila da cin amanar Samson, da Hirudiya da ƙulla kisan Annabi Yahaya (AS). Su kansu Kiristoci ba kasafai suke raɗa Yezebel ko Hirudiya ba.

Na biyu, ma'ana. Lo-ruhama a Ibrananci na nufin wadda ba a ji ƙanta ba. Babu uban da zai so a riƙa kiran 'yarsa da haka.

Na uku, hanyar da sunan ya iso gare mu. Maryam ce kaɗai macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta. Hauwa'u, Saratu da Hajara sun zo a ingantattun hadisai, Rahila da Hannatu kuma a littattafan tafsiri da tarihi, saboda haka kunne ya saba da su. Na'omi, Esta da Debora kuwa ta fassarar Littafi Mai Tsarki suka shigo Hausa, sai suka zauna a gidajen Kiristoci.

Game da hukunci, abin dubawa shi ne ma'ana da mai sunan. Muslim ya ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa Annabi (SAW) ya bayyana mutanen da suna sa sunayen annabawansu da salihan da suka gabace su. Ya kuma canza sunan wata 'yar Umar daga Asiya, mai ainun da sadun, wato mai saɓo, zuwa Jamila. Wannan daban yake da Asiya matar Fir'auna.

Rifkatu ita ce matar Annabi Is'haƙu, mahaifiyar Annabi Yaƙubu (AS), kamar yadda Ibn Kasir ya kawo a Ƙisasul Anbiya. Sunan bai haramta ba. Sai dai ka duba garinku: idan zai sa a riƙa ɗaukar yarinyar a matsayin wadda ba Musulma ba, ko a yi mata gori, barinsa ya fi. Ku zauna da maiɗakinka ku daidaita kafin ranar suna, don kyautata suna haƙƙin 'ya ne a kan mahaifinta.

Wallahu a'alam.