Ayetoro, Garin Da Gayya Ta Gina

'Yar uwa, duk sanda na ji matan unguwarmu na cewa "ai wannan aikin gwamnati ne", sai in tuna da Ayetoro, wani ƙauyen masunta a bakin teku, a ƙasar Ilaje ta jihar Ondo.

A shekarar 1947 mabiya wani coci suka kafa shi cikin fadama, gidajen katako bisa turaku. Suka yi alkawari kowa zai yi aiki ba lada, abin da aka samu kuma na kowa ne. Maza su shiga teku, mata su yi bandar kifi, kuɗin a zuba asusu guda. Daga nan ake ci, ake sutura, ake karatun yara. Kafin ki ce me, sun ƙera jiragen ruwa da hannunsu, sun kunna wa kansu lantarki.

Yau teku tana cin garin, ta tafi da gidaje da makarantu. An ba da kwangilar tare ruwan a 2004, ba a gama ba.

Su dai teku ce ta fi ƙarfinsu. Mu fa? Kwatar ƙofar gida ce ta toshe, wa muke jira?