Tasirin Sanyi ga Irin Kindirmo da Yogot

Irin kindirmo ƙwayoyin bakteriya ne masu rai da ake zubawa cikin dafaffiyar madara domin ta yi barci. Suna cin sukarin madarar su mai da shi tsami, tsamin kuma ya sa ta yi kauri. A ruga ludayi guda daga ƙwaryar jiya ya isa iri, kamfanoni kuwa a fakiti suke sayen nasu.

Irin yogot ƙwayoyi biyu ne: Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus, wadda ɗalibi ɗan Bulgeriya Stamen Grigorov ya gano a 1905. Dukkansu zafi suke so, digiri 40 zuwa 45 a ma'aunin Selshiyos. A firij mai digiri 4 sukan daina hayayyafa, amma aikinsu ba ya tsayawa cak. Tsami yana ci gaba da taruwa sannu a hankali, shi ya sa yogot ɗin mako biyu ya fi na jiya cizon harshe, har wani ruwa-ruwa kan taso a samansa. Wannan tsamin ne ke rage yawan ƙwayoyin, kuma bulgaricus ta fi saurin karaya. Idan aka yi iri da tsohon yogot, madara takan jinkirta barci, ƙamshin ma ya ragu. Ƙa'idar abinci ta duniya, Codex, ta ce kowane giram na yogot ya ƙunshi aƙalla ƙwayoyi miliyan 10 masu rai har ranar da wa'adinsa zai cika.

Daskarewa ta fi haɗari. Ƙanƙara in ta taru a hankali takan yi manyan tsinaye a wajen ƙwayar, ta zuƙe ruwan jikinta, ta kuma raunata fatarta, wadda sanyi ya riga ya sandarar. Saboda haka masana'antu ke daskarar da iri cikin gaggawa a ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifiri, su ajiye shi a kusan digiri 45 ƙasa da sifiri. Kafin nan sukan gauraya shi da garin madara, sukari ko gilisarin domin kariya. Busasshen garin iri ya fi juriya: yakan shekara ko fiye a digiri 18 ƙasa da sifiri, muddin danshi bai shige shi ba.

Babbar ɓarna tana ga narkewa da sake daskarewa, kuma a nan ne ƙananan masu yogot ke cutuwa inda wutar lantarki ba ta zama. Wuta ta ɗauke da dare, iri ya narke, da safe ya sake ƙanƙara, a ido babu abin da ya canza, alhali wasu ƙwayoyin sun mutu. Abin da ya fi shi ne a kasa iri ƙanana-ƙanana, wanda aka narkar a zuba shi a madara nan take, kada ya koma firiza.