Laifin Matuƙi ko Laifin Na'ura? Waiwaye a kan Tarihin Nazarin Tunanin Ɗan'adam

Ina so mu ɗan waiwayi tarihin darussa uku da ɗalibin ilmin halayyar ɗan'adam yake karantawa a jami'a, watau nazarin tunani, da hanyoyin bincike, da hulɗar mutum da kwamfuta. Ɗalibi yakan ɗauka kowanne gidansa daban, alhali kuwa tarihi ya nuna tsatsonsu ɗaya ne.

A shekarar 1879 ne Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus, inda ake auna lokacin da mutum yake ɗauka kafin ya amsa ƙara ko haske. Amma a 1913 sai John Watson na Amurka ya tashi ya ce abin da ke cikin zuciya ba ya aunuwa, saboda haka a tsaya ga aikin da ido yake gani. Wannan ra'ayi ya yi rinjaye a Amurka shekaru da yawa, har maganar tunani ta zama abin gudu ga masu bincike.

To, Yaƙin Duniya na Biyu shi ya tilasta aka sake shawara. Jiragen yaƙi samfurin B-17 sun riƙa kifewa da ciki a filin sauka, a rubuta cewa kuskuren matuƙi ne. A 1943 wani matashin hafsa masanin halayya, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba. Sai ya tarar maɓallin janye tayoyi da na ƙananan fukafukan sauka kamarsu ɗaya, ga su kuma dab da juna. Matuƙin da ya dawo a gajiye yakan kai hannu ga wannan, ya taɓa wancan. Maganin da ya kawo bai taka kara ya karya ba: ya manna 'yar tayar roba a kan maɓallin tayoyi, ya ba ɗayan siffar fiffike, yadda hannu zai bambance su ko ido bai duba ba. Irin wannan haɗari ya ragu ƙwarai, kuma har yau haka ake ƙera waɗannan maɓallai.

Daga nan hanya ta buɗe. A 1954 Paul Fitts ya nuna da gwaji cewa lokacin da hannu yake ɗauka ya kai ga abu ya danganta da nisan abin da kuma girmansa. A 1956 George Miller ya yi bayani cewa abubuwan da mutum yake iya riƙewa a ka a lokaci guda ba su wuce kimanin bakwai ba. A 1978 kuma Stuart Card da abokan aikinsa a kamfanin Xerox suka gwada linzamin kwamfuta da sauran na'urorin nuni, suka ga ya fi su sauri, kuma motsinsa yana bin ƙa'idar Fitts. Wannan ƙa'ida ita ce a yau take sa a faɗaɗa maɓallan da ke fuskar wayar salula.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, duk ranar da aka kawo muku rahoto cewa ma'aikaciyar jinya ta danna adadin da ba shi ba ne, ko tsoho ya tura kuɗi inda bai nufa ba, kada ku yi gaggawar yanke hukunci. Ku je ku ga na'urar da idonku, ku auna, ku ƙirga sau nawa wasu suka yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, sa'an nan ku faɗi mai laifi.