BABI NA BIYU: TARIHIN HORAR DA MA'AIKATA KAN RUBUTU DOMIN SHAFUKAN INTANET

2.1 Shimfiɗa

A wannan babi za a bi diddigin yadda ma'aikatu suka fara koya wa ma'aikatansu rubutu domin shafukan intanet. An taƙaita nazarin ga ƙasashen Ingila da Amurka, domin a can ne wannan horo ya samo asali. Abin da ake son ganowa shi ne, me ya sa wasu shirye-shiryen horon suka sauya rubutun ma'aikata, wasu kuwa suka tsaya a ajin lacca kawai.

2.2 Kafin Zuwan Intanet

Koke kan rubutun ma'aikata ya girmi kwamfuta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ma'aikatar Baitulmalin Ingila ta nemi Sir Ernest Gowers, wanda tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya rubuta wa ma'aikata jagora kan rubuta wasiƙun da talaka zai fahimta. Littafin, mai suna Plain Words, ya fito a 1948, aka kuma haɗe shi da ɗan'uwansa a 1954 da sunan The Complete Plain Words. Littafin ya karɓu ƙwarai, amma bai kashe matsalar ba, domin a 1979 Chrissie Maher da abokan gwagwarmayarta sun yayyage tarin fom-fom na gwamnati a dandalin da ke gaban majalisar dokoki a Landan, don nuna cewa jama'a ba sa gane abin da aka rubuta a cikinsu. Wato shekara 31 bayan fitowar jagoran, mai cika fom yana nan cikin duhu.

2.3 Binciken 1997 da Abin da Ya Haifar

Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin shafukan intanet a cibiyar bincike ta CERN a 1989, cibiyar kuma ta sakar wa duniya shi kyauta a 1993. A 'yan shekarun da suka biyo baya, kamfanoni da hukumomi sun riƙa kwashe ƙasidu da rahotannin da suka riga suka buga a takarda suna zubawa a shafukansu yadda suke. A zatonsu allo takarda ce mai haske.

Wanda ya fi kowa rusa wannan zato shi ne Jakob Nielsen, ɗan ƙasar Denmark, lokacin yana aiki a kamfanin Sun Microsystems. A 1997, shi da John Morkes sun zaunar da mutane a gaban kwamfuta suna lura da yadda suke karatu. Sakamakon ya nuna kashi 79 cikin 100 gilma ido kawai suke yi a kan shafi suna tsintar kalmomi, kashi 16 ne kaɗai suke bin rubutun kalma bayan kalma. Daga nan sai suka ɗauki wani shafi mai bayanin wuraren yawon buɗe ido a jihar Nebraska, suka rubuta shi ta siga biyar. Ta farko ita ce ta 'yan talla, mai cike da kirari da zuzutawa, ita aka ɗauka ma'auni. Da aka rage kalmomin zuwa kusan rabi, sauƙin amfani da shafin ya ƙaru da kashi 58. Da aka tsara shi da kanun magana da jeri, ya ƙaru da kashi 47. Da aka cire kirari aka bar zallar bayani, ya ƙaru da kashi 27. Sigar da ta haɗa gyare-gyaren uku kuwa ta kai kashi 124.

Muhimmancin wannan bincike ga tarihin horo ya fi ƙarfin alƙaluman. A da, idan malamin rubutu ya ce wa manaja ya rage surutu, manajan yana iya cewa ra'ayi riga ce, kowa da irin tasa. Yanzu kuwa mai horarwa ya sami lambobin da zai ajiye a gaban shugaban kamfani. Nielsen ya bar Sun a 1998, suka kafa kamfanin Nielsen Norman Group shi da Don Norman, koyar da ma'aikata kuma yana daga cikin manyan ayyukan kamfanin. A 2006 ya fitar da wani binciken da aka bi motsin idon mutum 232, aka ga ido yakan bi layukan sama a kwance, sannan ya gangara ta gefen hagu, kamar siffar harafin F. Littafin Steve Krug na 2000 da na Janice Redish na 2007 sun ƙara yaɗa waɗannan darussa, musamman darasin da aka aro daga 'yan jarida na fara faɗin gundarin labari kafin bayanin da ke biye.

Sai dai ya kamata a yi hattara da alƙaluman nan. Da Turanci aka yi gwajin, a kan allon kwamfutar tebur ta wancan zamani. Siffar F ma ta dogara ne ga rubutun da ake farawa daga hagu, don haka mai karanta Larabci ko Ajami ta dama idonsa zai gangara.

2.4 Hanyar Amurka: Doka

A 1998 Shugaba Bill Clinton ya umarci hukumomin tarayya su riƙa rubutu da harshe mai sauƙi. A ranar 13 ga Oktoba, 2010, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta haka. Dokar ta ɗora wa kowace hukuma naɗa babban jami'in da zai kula da lamarin, da horar da ma'aikata, da fitar da rahoto duk shekara. Rauninta shi ne ta fito fili ta ce ba za a iya kai hukuma kotu ba don ta saɓa mata. Saboda haka ma'aikaci yana iya halartar horon da safe, da yamma ya koma ga tsohon salonsa ba tare da wani ya tanka masa ba.

2.5 Hanyar Ingila: GOV.UK

A 2010 Martha Lane Fox ta miƙa wa gwamnatin Birtaniya rahoto, inda ta ba da shawarar a tattara bayanan gwamnati a shafi guda. A 2011 aka kafa hukumar Government Digital Service, a watan Oktoba na 2012 kuma aka buɗe GOV.UK, ya maye gurbin Directgov da Business Link. Zuwa ƙarshen 2014 ma'aikatu da hukumomi fiye da 300 sun koma cikinsa. Sarah Richards ce ta jagoranci ɓangaren rubutu a farkon aikin, daga baya ta tattara darussan a littafinta Content Design na 2017.

Horon da aka ba ma'aikata a nan ya sha bamban da na baya. Kafin marubuci ya ɗora hannu a kan madannai, sai ya fara rubuta buƙatar mai karatu a jimla ɗaya: wane ne shi, me yake nema, kuma don me. Shafin da aka rasa buƙatar da zai biya, ba a rubuta shi. Misali, mai neman sanin ranakun hutun gwamnati, abin da ya fara cin karo da shi da manyan baƙaƙe shi ne ranar hutu mai zuwa, ba tarihin dokar hutu ba. Haka kuma an nemi a yi rubutun da ɗan shekara 9 zai iya karantawa, ba don raina jama'a ba, sai don babba ma ya fi saurin gane kalmomin da ya saba da su tun yana ƙarami. An kuma riƙa zaunar da marubuci da masanin fanni, kamar lauya ko jami'in haraji, su rubuta shafi tare, ɗaya yana tsare gaskiyar doka, ɗaya yana tsare fahimtar mai karatu.

A fahimtar wannan bincike, abin da ya fi tasiri shi ne yadda aka ɗaure horon da ikon wallafawa. Ba a buɗe wa ma'aikaci damar shiga na'urar wallafa ba sai ya kammala horo, kuma bisa ƙa'ida sai wani ya duba abin da ya rubuta kafin ya fita ga jama'a. Shawarwarin da aka koyar ba su yi nisa da waɗanda Gowers ya bayar a 1948 ba, wato gajeruwar jimla da kalmar da aka saba da ita. Bambancin shi ne Gowers littafi kawai ya miƙa wa ma'aikata, wanda ya ga dama ya karanta, wanda bai ga dama ba ya jefa shi a durowa, alhali masu GOV.UK mabuɗin ƙofar wallafawa ne a hannunsu.