Shan mai a babur: abin da ke sa famfo katsewa, mai kuma ya fantsamo

A gidajen mai na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, babura sun fi motoci yawa a bakin famfo, daga na ƴan kabu-kabu har zuwa na ma'aikata da ɗalibai. Abu biyu ne ke yawan haddasa cacar baki tsakaninsu da masu ba da mai: famfon da ke katsewa "ƙas" alhali tanki bai ko kai rabi ba, da man da ke fantsamowa ya jiƙa tanki da wandon mai babur. Duka biyun tushensu ɗaya. An ƙera famfon ne domin mota, tankin babur kuwa ba irin na mota ba ne.

Yadda bindigar mai take aiki

Bakin famfon da ma'aikaci ke riƙewa, wanda ake kira bindiga, ba lantarki ke tsayar da shi ba. Kusa da ƙarshen bututunsa akwai wata ƴar ƙaramar huda, wadda wani siririn bututu ya haɗa da cikin mariƙin. Gudun mai a cikin bindigar yana janyo iska ta wannan huda. Muddin iskar na shiga, mai zai ci gaba da zuba. Da zarar mai, ko kumfarsa, ya toshe hudar, jan iskar sai ya koma kan wata ƴar fatar roba da ke cikin mariƙin, ita kuma ta saki kunamar, mai ya tsaya nan take. Ƙarar da ake ji ke nan.

Hudar ba ta san ko tanki ya cika ba. Abin da ta sani kawai shi ne an toshe ta. A mota, mai yana bin dogon wuya ya gangara cikin tanki, saboda haka ba ya taɓa hudar sai an cika da gaske. A babur babu wannan wuya. A mafi yawan babura masu tanki a gaba, ƙarfen ƙashin bayan babur yana ratsawa ta ƙarƙashin tankin, don haka cikinsa yana da tozo a tsakiya, daidai ƙasan murfi. Man da ya fito da ƙarfi yana dukan wannan tozo, ya yi kumfa, ya dawo sama. In ya samu hudar, famfo ya katse. In ya kuskure ta, ya fito waje.

Ga kuma ƙarfin gudu. Famfon isansi na motoci yana iya tura kusan lita 40 a minti ɗaya. A watan Yulin 2024 an saukar da farashin lita daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. A wannan farashi, mai na jika ɗaya lita 2 ne, kuma in an matsa kunama gaba ɗaya, cikin daƙiƙa 3 ya gama zuba. Ƙananan baburan da tankinsu ke ƙarƙashin kujera, waɗanda ba su wuce lita 4 ko kusa da haka ba, suna cika kafin ma'aikaci ya ɗauke ido daga allon lissafi.

Wasu masu babura suna zargin cewa katsewar wata dabara ce ta cuta, wai duk "ƙas" ɗaya kuɗi ne ya tafi. Mitar famfo man da ya ratsa ta take ƙirgawa, katsewa ba ta ƙara komai a lissafi. Asarar gaske tana ga man da ya zube ƙasa, domin shi an riga an ƙirga shi. Abin da ya cancanci a sa wa ido shi ne allon ya koma sifiri kafin a fara.

Inda ake kuskure

Kuskure biyu ne, kuma kowane yana haifar da ɗayan. Ma'aikaci ya zura bindiga har ƙasa, famfo ya yi ta katsewa, domin mai ya kai ga hudar tun tanki na rabi. Ya gaji, sai ya zaro ta ya riƙe a leɓen tanki, ya matsa da ƙarfi. A nan kuma hudar tana waje, babu abin da zai toshe ta, saboda haka famfon ba zai tsaya da kansa ba sai mai ya yi ambaliya.

Hanyar da ta fi ita ce ta tsakiya. A shigar da bakin bindiga kamar tsawon gaɓa biyu na yatsa, a karkata shi gefe ɗaya domin mai ya bi bangon tanki ya sauka, ba ya faɗa kan tozo ba. A matsa kunama kaɗan, rabi ko ƙasa da haka. Maƙalin da ke riƙe kunama a buɗe, wanda ma'aikata ke sawa su tafi karɓar kuɗin wata mota, ba na babur ba ne. Idan mai ya taso, a rage gudu, a ɗan ja bindigar sama, ido na cikin tanki. A babur ido ne ke tsayar da famfo. Bayan an saki kunama, akwai sauran mai a bututun. A jira daƙiƙa biyu ko uku ya tsiyaye, sannan a ɗaga bakin sama a fitar da shi. Wannan ɗigon na ƙarshe shi ke dusashe fentin tanki idan aka bar shi ya bushe, don haka tsumma a ƙarƙashin kujera yana da amfaninsa.

Tunda a Nijar ma'aikaci ne ke riƙe bindiga, aikin mai babur shi ne ya buɗe baki. "Maigida, a hankali, karkata ta gefe" ba raini ba ne, kuma ya fi sauƙi kafin a fara fiye da bayan wando ya jiƙe.

A sauka, a kashe inji

Al'adar da ta fi kowace haɗari ita ce shan mai a zaune kan babur, inji na aiki, wani lokaci har da fasinja da yaro a gaba. Ɗan kabu-kabu yana yin haka don gaggawa, amma tanki yana tsakanin cinyoyinsa, injin da ya wuni yana aiki kuma yana ƙasan tankin. Ba ruwan man ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, wanda ya fi iska nauyi, yake sauka ƙasa inda inji da bututun hayaƙi da wayar buji suke. Tartsatsi ɗaya ya isa. Mutumin da ke tsaye a gefe zai iya ja da baya. Wanda ke bisa babur da wando jiƙe da mai, in ya yi tsalle babur ya faɗi, tanki a buɗe. Mazauna Yamai ba su manta da tankar man da ta kife kusa da filin jirgin sama a watan Mayun 2019 ba, wadda ta kama da wuta mutane na kwasar mai, ta kashe fiye da mutum 50.

A ɗora babur kan ƙafar tsakiya idan yana da ita, domin ya tsaya miƙe a ga gaskiyar inda mai ya kai. Taba sigari kuwa ba ta buƙatar bayani.

Cika tanki har baki

"Cika shi taf" ba riba ba ce. Mai yana kumbura da zafi, kusan kashi 1 cikin 1000 a kowane digiri. Yana fitowa daga rumbun ƙarƙashin ƙasa da ɗan sanyinsa, ya shiga tankin ƙarfe da ke cikin ranar Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Lita 10 da suka ƙara digiri 15 suna ƙaruwa da kusan mililita 150, fiye da cikin ƙaramin kofin shayi. In babu fili, ta hudar numfashi ta murfi zai fito, musamman idan aka jingine babur kan ƙafar gefe. A tsaya daidai ƙasan zoben bakin tanki.

Wajen ƴan ruwa-ruwa babu famfon da zai katse, amma fantsama tana nan. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 cinikinsu ya ragu, sai dai har yanzu kwalba da mazurari ne gidan mai a unguwanni da ƙauyuka da yawa. Kwalbar da aka kifa tsaye tana amai guda-guda, domin iska na kokawar shiga. In an karkata ta, mai na fita salin-alin. Mazurari kuma a ɗan ɗaga shi daga bakin tanki, iskar ciki ta samu hanyar fita. Mai cika bido a gidan mai ya sauke shi ƙasa tukuna, kada a cika shi ɗaure a bayan babur, musamman a hunturu da busasshiyar iska ke sa roba da tufafi tara lantarkin da ke yin tartsatsi.

In mai ya riga ya zube, kada a tada inji a wurin. A rufe tanki, a goge, a tura babur da hannu ƴan taku, a jira ya bushe. Fata a wanke ta da sabulu, rigar da ta jiƙe a cire ta, a shanya a waje nesa da murhu. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15, sannan a nufi likita. Wanda ya haɗiyi mai wajen zuƙo shi da tiyo kada a sa shi amai, domin komawarsa cikin huhu ta fi haɗiyar illa; asibiti za a kai shi. Wutar mai ba a kashe ta da ruwa, domin mai na tasowa bisa ruwan ya bazu. Rairayi ake zubawa, ko a yi amfani da tukunyar kashe wuta da ke rataye kusa da famfo. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.