So Ba Tare da Sha'awa Ba: Daga Tsarance zuwa Fadojin Yamai

A shekarar 2001 wani matashi ɗan Amurka, David Jay, ya kafa ƙungiyar AVEN domin mutanen da ba su jin sha'awar kwanciya da kowa. A 2004 kuma Anthony Bogaert, masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, ya nazarci amsoshin mutum fiye da 18,000 a Birtaniya, ya tarar kusan ɗaya cikin ɗari sun ce ba su taɓa jin wannan sha'awa ga kowa ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane suna soyayya, suna bege, suna kishi. Abin da suka dage a kai shi ne, so daban, sha'awa daban. Wani zai ce wannan baƙon zance ne. To amma Bahaushe ya daɗe da ajiye kalmomin nan biyu kowace a mazauninta, har ya taɓa gina al'ada sukutum a kan ratar da ke tsakaninsu.

Al'adar ita ce tsarance. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta ba da labarinta, kuma an san ta a ƙasar Maraɗi. Saurayi da budurwa sukan kwana ɗaki ɗaya, su yi hira da wasa har barci ya ɗauke su, bisa sharaɗin ba za a ƙetare iyaka ba. Sarkin samari da idon gari suna tsaye a kai, wanda ya karya kuwa ya jawo wa gidansu abin kunya. Malamai sun yi tir da ita, ta kuma dushe a ƙarni na 20. Sai dai kada mu yi saurin cewa tsarance gida ce ta marasa sha'awa. Shinge ce aka yi wa wutar da kowa ya ɗauka tana ci. Duk da haka, wanda ba shi da wutar yana iya zama cikin shingen nan ya sami kusanci, babu mai tuhumarsa, ƙila ma a yaba masa da kamun kai.

A wajen aure ne tura take kaiwa bango. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran zaure ke karantawa daga Yamai har Kano, ta ce mijin da ya kasa kusantar matarsa a ba shi shekara guda, in bai iya ba a raba su idan matar ta so. A lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. Haƙƙin nata ne, ba na alƙali ba, don haka idan ta yarda ta zauna, aure yana nan daram. Fiƙihu ya bar ƙofa a buɗe, dangi ne suke rufe ta. Rangwamen da al'ada ta sani na tsofaffi ne: dattijuwa ta yi auren ɗaukar sanda, tana gidanta miji yana leƙowa, burinta ta cika da igiyar aure a kanta. Ba mai tambayar abin da ke gudana a ɗakinta.

Yamai, wadda ta zama babban birni a 1926, ta gaji duk wannan, ta kuma sake masa kama. Mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ya farfaɗo da samariya, amma ta aikin gayya da bukukuwan ƙasa ce. Daga shekarun 1990 sai fada ta maye gurbi: samari a bakin titi, ga butar shayi, ga hira har tsakar dare. Adeline Masquelier, a littafinta na 2019 kan fadoji, ta nuna yadda zancen soyayya ya cika bakin waɗannan samari da rashin aiki ya jinkirta wa aure. Zuwa zance ƙofar gida, saƙon salula, ƴar kyauta ranar salla, duk marar sha'awa yana iya yinsu da zuciya ɗaya, shekara da shekaru, ba wanda ya gane.

Ranar ɗaurin aure lissafi yake sakewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Nijar ya kai ƴaƴa 7.6, kuma littafin marigayiya Hadiza Moussa, wanda ya fito a wannan shekara, ya bayyana irin gorin da matar da ba ta haihu ba take sha a Yamai, daga uwar miji har kishiya. Ma'aurata biyu da suka amince su zauna bisa so kaɗai suna iya rufe ɗakinsu, amma kafin shekara ta zagayo ƴan uwa sun fara ƙirga watanni, wata gwaggo ta kawo rubutun sha, wata ta kawo sunan likita.