Shago, Gobara da Inshora

Iyayenmu da fatauci ya kai birane sun ɗauki shago da gidan haya jarin tsufa, domin ƙasa ba ta ruɓewa. Gini kuwa yana ƙonewa: a 2002 gobara ta cinye Babbar Kasuwar Jos, a 2016 ta lashe dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari ta Kano. Da yawanmu mun ƙaurace wa inshora don gudun kuɗin ruwa da caca, uzuri mai ƙarfi a da. Sai dai tun 1979 aka kafa kamfanin inshorar Musulunci a Sudan, inda masu dukiya ke zuba gudummawa a asusu guda, a biya wanda asara ta afka wa. Hukumar NAICOM ta shimfiɗa ƙa'idojin wannan tsari, wato takaful, a Nijeriya a 2013.